Idi Zai Ƙarasa

Yaya Sani,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina Inna da ciwon ƙafarta, ina yara? Mu nan Injamena da sauƙi, harbi ya ɗan lafa.

Shekaranjiya wani mai kanti a unguwar Sabangali ya neme ni, wai masu gyara biyu sun kasa karanta rubutun da ke akwatin wutarsa. Ina buɗewa na ga ajamin maigidanmu Malam Garba, wanda ya koya mana aikin lantarki. Ka san shi da rubuta sunan kowace waya: kanti, sito, ƙofa. A kan ta ƙarshe ya rubuta, "Idi zai ƙarasa."

Yaya, kantin nan ya je aiki ranar da faɗa ya ɓarke. Tun da ya nufi bakin kogi ba wanda ya sake ganinsa.

Na ƙarasa haɗa wayar. Ba wuta a garin balle in gwada, sai na bar makunnin a kunne. Kullum sai na bi ta wajen in duba ko ƙwan lantarkin ya kama.

Ku sa mu a addu'a, har da Malam Garba. Ka gaida matarsa, amma kada ka karanta mata wannan.

Ƙaninka,
Idi