Agogon Kawu Lawal

Daren Asabar, bayan isha'i.

Yau na yi tafiyar: Kaura zuwa Shinkafi a keke, na dawo, na wuce Zurmi, don in karya lokacin da abokin hamayyata Ɗanjuma ya kafa bara. Abokina Sani na biye da ni a babur da ruwa, ya goyo Kawu Lawal, wanda na ba wayata ya riƙe agogo.

Ƙafafu ba su ba ni kunya ba. Mun shiga Zurmi da sauran rana. Na ce Kawu ya karanto lokaci, ya karanto abin da sai dai babur zai iya. Ashe da muka tsaya azahar a Kaura ya tsayar da agogon, kuma ya manta bai tada shi ba.

Na ce, "Kawu, ai ba a tsayarwa."

Ya ce, "Ɗana, wa ka ƙirga ma bawa lokacin salla?"

Sani ya ce mu ƙiyasta, na ƙi. Ban ji haushi ba, gajiya ce kawai. Ga wayar nan gefen tabarma. A wurinta, har yanzu ina Kaura ina alwala.