Rabin Maganar da Ka Faɗa a Ƙofar Masallaci

Kibiya, Yuli 2004

Zuwa ga yayana Shamsuddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka isa Zariya lafiya, ya karatu, ya damina? Inna Kulu da Kawu Dalhatu suna gaishe ka.

Malam mai ilimin ƙwayar zarra, ka tafi ka bar mana ƙura. Tun muna yara Baba yake shiga ɗakinsa na baya da littattafan Larabcin da ya gada, yana dafa dalma da zaiba da farar wuta, wai wata rana za su koma zinariya. Babu wanda ya taɓa damuwa da shi, sai dai a ce Malam Ishiyaku da tukunyarsa. Sai bana da samarin nan suka naɗa kansu masu gadin Shari'a suka ce sihiri yake yi.

Na ji daɗi da ka tashi a ƙofar masallaci ka kare shi. Ka ce abin da magabata suka nema ba tsafi ba ne, don masana na zamani sun harbi zaiba a cikin na'ura har ta koma zinariya. Amma Kawu ya ce kana kaiwa nan jama'a suka ɗauki kabbara. Sauran bayanin, cewa ɗan abin da aka samu ido ma ba ya ganinsa, kuma wutar gawayi ba za ta taɓa yin wannan aikin ba, kai kaɗai ka ji kayanka. Yanzu daga Fammar har kasuwar Rano zancen ɗaya ne: Malam yana yin zinariya, ɗansa ɗan boko ya tabbatar.

Baba kuwa bakinsa har kunne. Ya ce ashe mutanen da ba su yi ƙarya ba, wutarsu ce ba ta kai ba. Sai dai baƙin fuskoki sun fara zagaya gidan.

Ƙanwarka,
Mu'minat

Kibiya, Agusta 2004

Yaya Shamsuddeen,

Sallama da fatan kana lafiya. Mu kam ba lafiya ba.

Ranar kasuwa da hantsi, yawancin maza sun fita, wasu mutane suka shigo da adduna, fuskokinsu a rufe da rawani. Suka ja Baba daga kan buzunsa suka ce ya fito da zinariyar. Ya rantse musu da Allah bai taɓa samun ko ƙwaya ba. Suka rufe shi da duka. Kawu Dalhatu ya ji ihunmu ya tsallako katanga, suka sare shi a kafaɗa, jini ya wanke masa riga. Inna ta riƙe ƙafar ɗaya daga cikinsu tana roƙo, ya yi ƙwallo da ita.

Daga nan suka tura Baba ɗakin baya, adda a wuyansa, suka ce ya yi musu zinariyar a gabansu. Ni suka ba zugazugi. Yaya, da hannuna na hura wutar. Dalmar ta narke, suka yi ta jira, ta tsaya a dalmarta. Babbansu ya fusata ya shuri tukunyar, ta juye a kan ƙafafun Baba. Ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irin wannan ƙarar ba, kuma warin bai bar hancina ba har yau.

Sun haƙe daɓen ɗakin, sun kwashe dunƙulayen nan masu ruwan ɗorawa da Baba yake tarawa a ƙwarya, waɗanda kai da ni muka san tagulla ce kawai. Sun ce idan maƙeri ya gwada ya ce ba zinariya ba ce, za su dawo.

Baba yana asibiti a Rano. An kai ƙara, ba a kama kowa ba. Na yi fushi da kai ƙwarai, kuma na san don ƙaunarsa ka yi. Dukkansu biyu suna cikin zuciyata, ban san wanda ya fi nauyi ba.

Taka,
Mu'minat

Kibiya, Satumba 2004

Yayana,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya cika jiya Talata bayan la'asar, ƙunar ta ruɓe ta shiga jini. An yi masa sutura a Kibiya.

Wasiƙarka ta iso, wadda ka bayyana komai dalla-dalla ka ce a karanta wa jama'a. Kawu ya karanta bayan Juma'a da hannunsa a saƙale. Suka ce ai dole ka faɗi haka, ɓoyewa kake yi. Ranar da ka ce ana yi sun gaskata ka, yau da ka ce ba a yi a tukunya ka zama maƙaryaci.

Kafin Baba ya daina magana ya kama hannuna ya tambaye ni ko da gaske an taɓa yin abin, ko da ƙwaya ɗaya ce. Na ce masa an yi. Ya yi murmushi ya ce a gaishe ka, ka sanyaya masa rai. Bai taɓa ɗora maka laifi ba, ni ma na sauke nawa fushin.

Saura abin da ya sa na rubuto da gaggawa. A wurin jana'izar ma ana raɗa cewa sirrin ya koma hannunka, har da na'urar. Wasu sun tambayi direbobin tasha ranar da za ka sauka. Kawu ya gane muryar ɗaya daga cikin masu tambayar, yana cikin waɗanda suka shigo mana da adduna.

Na san jakarka a ɗaure take. Kwance ta. Kai ne babban ɗansa, kai ya kamata ka zauna a ƙofar gida ana yi maka gaisuwa, amma Kawu zai zauna a madadinka. Inna ta ce in gaya maka umarni ne: ka yi wa mahaifinka addu'a daga inda kake, kada ka zo.

Allah ya jiƙansa, ya tsare mana kai.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Mu'minat