Mazarƙwaila a Kwamin Kifi

Litinin, 5 ga Afrilu, 2010

Rijiyar Baba ta ƙara yin ƙasa. Yau sai da na ƙulla tsohon ɗankwalina a bakin igiya kafin guga ya taɓa ruwa. Matan unguwa suna cika gidanmu tun da sassafe, Baba kuma ya hana a sa wa rijiyar kwaɗo, wai tun da ya haƙa ta bai taɓa mayar da kowa da tulu wayam ba. Ni kuwa ga kifi karfasa cike da kwami, waɗanda na sayar da awakina kaf na zuba. Duk mako suna son sabon ruwa, in ba haka ba kashinsu ya kashe su. Tsoro nake ji, ba na kuma son Inna ta gane.

Alhamis, 8 ga Afrilu

Yaya Halliru ya dawo daga Maraɗi da wata dabara. Wani mai kiwon kifi can ya gaya masa in ana zuba ɗan zaƙi a kwami, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna yaɗuwa, su ci zaƙin su haɗa da ƙazantar kifin, ruwa ya daɗe ba a canza shi ba. Amma su ma iska suke sha kamar kifin, shi ya sa ya kawo mini ɗan injin hura iska mai aiki da batirin mota.

Na yi dariya, na ce saura mu dafa musu shayi. Bai yi dariya ba.

"Ludayi guda, Saude, kak ki ƙara. Wanga abu in ya yi yawa shi ka kashewa."

Sukari ya yi tsada. Mazarƙwaila za ni jiƙa.

Laraba, 14 ga Afrilu

Warin ya ragu, wallahi ya ragu. Ruwan ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, da ɗan gudaji-gudaji kamar kunun da bai damu ba, kifin ma tsintar abin suke yi.

Asabar, 17 ga Afrilu

Ba hadari, ko na ƙarya.

Juma'a, 23 ga Afrilu

Tun da na fara ban ɗebi ko guga ɗaya don kifi ba. Larai maƙwabciyarmu ta leƙo kwamin tana tsokanata, wai kifina sun fi 'ya'yanta gata. Na ce ai sai ta zuba su ciki. Kaina ya ɗan kumbura, ba ƙarya.

Sai dai ruwan ya fara yin fari. Na rage zuwa rabin ludayi.

Laraba, 28 ga Afrilu

Farin ya ƙaru, ga kumfa. Da safe kifin duk suna sama, baki buɗe. Na daina sa mazarƙwaila ɗungurungum, amma abin gaba yake yi. Me ke ciyar da ƙwayoyin nan? Yaya ya koma Nijar, wayarsa ba ta shiga. Ko tuwo ban iya ci ba.

Asabar, 1 ga Mayu

Na kama ta. Inna ce. Na fito daga banɗaki na gan ta tana juye ƙwaryar tsari a kwami, ruwan wankin geron nan da a da awakina ke sha. Ashe kullum haka take yi tun da ta ga ruwan kwamin yana raguwa. Ruwan gero kuwa ai uban mazarƙwaila ne wajen ciyar da ƙwayoyin nan.

"Awaki babu, in zubar da shi ƙasa cikin wanga fari? Na ga ke ma ɗan daɗi kike ba su."

Na ɗaga wa uwata murya a tsakar gida, gaban mata. Ban san abin da na faɗa ba duka. Ta ɗauki ƙwaryarta ta shige ɗaki.

Na tsame matattu cike da kwano. Magani ɗaya ya rage, a zubar da rabin ruwan a sa sabo.

Lahadi, 2 ga Mayu

Na riga kowa zuwa bakin rijiya. Abin da ta tara cikin dare na janye shi duka, har guga ya fara fitowa da taɓo. Hannuna ya saɓule.

Da mata suka iso na yi kamar ina shara. Larai ta jefa guga, ta jawo, ta duba. Ta dubi jiƙaƙƙiyar ƙasar da ta tashi daga rijiya zuwa kwami. Da ta zage ni da na samu abin ramawa. Tulunta kawai ta ɗauka, sauran suka bi ta, suka nufi gulbi inda ake tonon rairayi.

Kifin sun sauka ƙasa. Sun ci abinci.

Litinin, 3 ga Mayu

Da azahar na kai wa Baba buta kamar kullum. Ya ture ta da bayan hannu, a hankali.

"Ruwan ga da masu shi."

Ya buga tafinsa a bango ya yi taimama. A gidansa, rijiyar da ya haƙa tana bayansa. Ibrahima mai shago ya shigo gaisuwa ya gani, ya sunkuyar da kai. Yanzu duk garin Isa zai ji.

To me zai sa in ji kunya? Sau ɗaya ne. Su awakinsu suna nan, ni nawa ne suka koma kifi. Wa zai mayar mini?

Laraba, 5 ga Mayu

Farin ruwan kwamin yana dawowa. Sai an sake canza rabi, watakila har sau biyu. Rijiyar kuwa da kyar take tara abin da zai ishi gida biyar.

Baba yana nan kan taimamarsa. Inna tana amsa gaisuwata, iyakarta ke nan. Da la'asar na hangi Fadima, 'yar Larai, da cikinta haihuwa yau ko gobe, ta fito daga hanyar gulbi da jarka a ka. Tun ranar Lahadi ba wanda ya shigo mana ɗibar ruwa daga gidansu.

Alhamis, 6 ga Mayu

Na tsaya bakin rijiya da guga a hannu har rana ta fito. Ban jefa ba. Hannuna ne bai warke ba.

Juma'a, 7 ga Mayu

Na kwashe kifin. Mafi girma a ciki bai kai tafin hannuna ba, ko kuɗin akuya biyu ba za su mayar ba. Ba don kowa na yi ba. Batirin ya fara sanyi, abincinsu ya kusa ƙarewa, damina kuma ba ranar zuwa. Lissafi ne kawai.

Ina cikin fafe su ina kuka, Inna ta fito ta hura wutar banda. Can sai ga Larai da wuƙarta, ba wanda ya aika mata. Ta zauna ta jawo kwano, ta ce kifin gata dai ba su da auki. Tulunta yana bakin rijiya.

Da lokacin masallaci ya yi na ji muryar Baba daga zaure.

"Saude, ina buta?"

Na cika masa ita har ta zuba, ya yi mini faɗan ɓarnar ruwa.