Randar Masallacinmu

Wudil, 4 ga Agusta

Yaya Khairiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigidan da yara. Yaya damina?

Labarin amai da gudawa da kika ji ya ɓulla a garinmu Indabo gaskiya ne. Ofis ya tura mu, mu duba-gari. Mun zuba magani a rijiyoyi, mun ajiye bokitai masu famfo da sabulu a bakin kasuwa, mun hana shan ruwan kududdufi. Mata da yara sun daina kamuwa. Abin da ya ɗaure min kai, dattawa ne suke ta kwanciya, kuma duk 'yan sahun gaba na masallacinmu.

Jiya muka kawo Baba asibiti nan Wudil, ana ƙara masa ruwa. Kin san halinsa na ladan. Yana buɗe ido, tambayarsa wa ya kira sallah.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Mudassir

Wudil, 19 ga Agusta

Yaya Khairiyya,

Assalamu alaikum. Da fatan kun koma gida lafiya. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya ji ƙan Baba.

Akwai abin da na kasa faɗa miki a wurin zaman makoki. Yana kwance a asibiti na je na leƙa randar masallaci, na tarar ruwan ba na rijiya ba ne. Ashe ya ji warin magani a ruwan rijiya, a karatunsa kuwa ruwan da warinsa ya sauya ba a alwala da shi. Sha dai yana sha, tunda ni na ce. Na alwala kuwa, kullum da hantsi sai ya ɗauki jarka ya ɗebo a kududdufi ya cika randa. Da shi dattawan suke kurkure baki sau biyar a rana.

Mun yi ta magana a kan sha da wanke hannu da masai. Babu wanda ya tuna da alwala, har ni da na taso a gidan. Yanzu ana tafasa ruwan randar, kwana tara ke nan ba wanda ya kamu.

Kafin Baba ya cika na tambaye shi me ya hana ya gaya min tun farko. Ya ce bai so gari ya ji yana kushe aikin ɗansa ba. Maganar tana damuna, Yaya.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Mudassir