Kifin Sarkin Hawa na Huɗu

Zuwa ga Baban Maryam,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba. Kai da ko jaridar da aka naɗe tsire da ita ba ka jefarwa sai ka karanta, yau ga wasiƙa taka ta kanka, babu mai buɗewa. Amma in ban faɗa maka ba, wa zan faɗa wa?

Jiya aka yi Kirsimeti, ta farko da ba ka nan. Ban soya kifi ba. Na saya, na wanke, na barbaɗa gishiri, sai na tsaya ina kallonsa har mai ya ƙone a kasko. Hajiya Adiza, tsohuwar nan ’yar Kumasi ta hawa na biyu, ta tare ni a matakala za ta tambayi rabonta, sai ta tuna. Ta riƙe hannuna kawai.

Ka tuna yadda abin ya fara? Shekararmu ta farko a ƙasar waje, a unguwar nan ta Tremont, ina ta kuka don ba ni da kowa. ’Yan uwana sun juya mini baya tun da na auri Musulmi, naka kuma ba su taɓa kiran sunana ba. Ka dawo daga tuƙin tasi a unguwar Jamaica, kai da ka koyar da tarihi a Zariya, ka zauna ka ba ni labarin sarakunan Masar na da. Ka ce Musulmi ne, amma ranar haihuwar Almasihu daga fada ake fito da kifi da kayan zaƙi a raba. Ka ce wani sarki a Indiya ma ya bar limaman Kirista suka kafa komin dabbobi da jariri a ciki, jama’a suna zuwa kallo. Na ce ina ruwana da sarakunan da suka daɗe da zama ƙasa? Sai ka ɗauki tawul ka naɗa a ka, ka ce ga ɗaya da ransa, Sarkin Hawa na Huɗu, wato hawan benen da muke zaune. Ka soya kifi, ka cika faranti, ka bi ƙofa-ƙofa kana rabawa. Rabinsa ya ƙone, kowa ya ci ya yaba don kunya. Tun daga nan ba ka tsallake shekara ko ɗaya ba.

Wata rana na buɗe littafinka na ga inda wani sarkin ya zo ya hana bukukuwan gaba ɗaya. Na kawo maka ina murna na kama ka. Ka yi dariya, ka ce ka san shafin, ba shi ka zaɓa ka yi koyi da shi ba. Haka kake. Ka yarda da mutane fiye da kima, kuma ni ka fi yarda da ita.

To ga abin da ban faɗa maka ba. Ranar da aka haifi Maryam mun yi alkawari ba za mu ja ta masallaci ko coci ba, sai ta girma ta zaɓa. Kai ka cika. Ni kuwa, shekarar da asma ta kwantar da ita a asibiti, Mamata, da ta daɗe ba ta neme ni ba, ta aiko mini kaset tana kuka, tana cewa yarinyar za ta mutu Allah bai san sunanta ba. Da aka sallami Maryam, wata Asabar kana wurin aiki, na kai ta wurin fasto aka yi mata baftisma. Na ce mata sirrinmu ne, kada Baba ya ji. Yarinya ’yar shekara huɗu na koya wa ɓoye wa ubanta magana.

A Kirsimetin shekarar ka ba mu labarin bikin da Kiristocin Masar kan shiga kogin Nilu don tunawa da baftismar Almasihu, sarki yana zaune a bakin ruwa yana kallo da iyalinsa. Maryam ta ɗago ta dube ni. Na mintsine ta a ƙarƙashin tebur. Ka ga ta zabura, ka ɗauka labarin ne ya burge ta, ka sake shi daga farko.

Shekara uku ina cewa gobe. Na yanke wa kaina cewa bana zan faɗa maka, bayan an gama rabon kifi. Zuciyarka ba ta jira ba, ta tsaya wata biyu kafin ranar.

Yayanka, Yaya Sani, ya zo sadakar arba’in. Ya kira ni Rifkatu, karo na farko a shekara goma sha ɗaya, har na rasa inda zan sa idona. Ya nemi in bari ya riƙa kai Maryam Islamiyya ran Asabar. Kafin in buɗe baki ta gaya masa da Turancinta cewa an riga an yi mata baftisma. Bai ɗaga murya ba. Abu ɗaya ya tambaya, ko ƙaninsa ya sani. Da a ce na ce masa ka sani, wa zai ƙaryata ni? Na kasa yi maka ƙarya a kan ƙarya, na ce masa ba ka sani ba. Ya sa takalminsa ya fita, bai sake kira ba. Fasto ya ce daidai na yi, na ceci rai. Wallahi maganarsa ta fi shirun Yaya Sani yi mini ciwo.

Da safen nan ina yi mata kitso, Maryam ta tambaye ni ko yanzu ka sani, kuma ko kana fushi da ita. Da ita, Baban Maryam, ba da ni ba. Na ce ba ka fushi da kowa. Ta gyaɗa kai ta koma wasanta, ta yarda. Ni wa zai faɗa mini in yarda? Da ka yi faɗa, da ka ƙaurace mini, kai ko sakina ka yi, da na san inda na tsaya. Na san kai mai yafiya ne, amma ba a yafe abin da ba a ji ba, ni ce kuma na hana ka ji.

Ka huta lafiya. Ni ban sa ran hutu ba.

Matarka da ka yarda da ita,
Rifkatu