Takalman Yaya a Buhun Gari

Apa,

Ina gaishe ki, da babanmu Ata, da ƙanwata Meerim. Ya ƙafar Ata? Ni lafiya lau. Girkin sansanin mafarauta bai fi ƙarfina ba, hannuna ne kawai sanyi ya ɗan tsattsaga.

Apa, harsashin da aka saba da shi ya ƙare, maigidan sansanin ya kawo wani mai nauyi. Layukan cikin madubin bindiga, masu nuna inda harsashi zai sauka daga nesa, da tsohon aka daidaita su. Jiya wani baƙo da ya zo farauta ya auna bunsurun dutse, harsashin ya faɗi ƙasa, dab da inda Yaya Kubat ke tsayawa yana koro dabbobi.

Na ce, "Yaya, ku gwada shi tukuna."

Ya yi dariya. "Ke matsoraciya, koma kan tukunyarki." Maigida ya ce gwaji ɓarna ne. Na kasa ɗaga ido.

Maganar Ata kaɗai Yaya yake ji. Don Allah ya kira shi kafin su koma dutse Asabar. Na ɓoye takalmansa a buhun gari, amma garin ya kusa ƙarewa.

Allah ya tsare mu.

'Yarki,
Jildiz