Rasuwar Farfesa Zaharah da Zinaren da ta Bari Cikin Sanyi

Cikin alhini da mutuwar jiki, Ƙungiyar Masu Shara da Wanke Kwalabe ta ɗakin binciken ƙarafa da ke nan Pulau Pinang ta samu labarin rasuwar uwar ɗakinmu, Farfesa Datin Dakta Hajah Zaharah binti Mat Saad, ranar Litinin bayan la'asar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara ashirin da bakwai marigayiya ta yi tana lallashin zinare ya kwanta lumui a kan wani ɗan lu'ulu'u mai ruwan goro, wanda ba haƙo shi ake yi ba, ita ke rainonsa daga sinadari. Takan narka zinaren a tukunyar ƙarfe da aka zuƙe wa iska, tururinsa ya sauka a hankali kan lu'ulu'un, don ya yi fatar da ko ta albasa ta fi ta kauri sau dubu. Shi kuwa zinaren, mai taurin kai irin na jikokina, sai ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya kamar ruwa a ganyen gwaza. A ƙarshe ta gano sai lu'ulu'un ya sha sanyi ƙwarai zinaren ke yarda ya shimfiɗu.

Ba ta da sauƙi, Allah Ya jiƙanta. Wanda ya shafa man kwakwa ko ya ci duriyan, ɗan itacen nan mai wari, a baranda zai yini. Ni ma ta taɓa ce mini numfashina datti ne a ɗakin, sannan ta sayo mini shayi.

Muna roƙon Allah Ya gafarta mata, Ya bai wa maigidanta, Dato' Haji Ramlan bin Yahaya, da 'ya'yansu juriyar wannan rashi.

Sai roƙo ɗaya, Dato'. Gwajinta na ƙarshe yana cikin tukunyar. Yau kwana tara muna ɗura mata wani ruwa mai tsananin sanyi da hayaƙi sau huɗu a yini, don in ta ɗumama da gaggawa zinaren zai dunƙule. Yadda ake ɗumama ta a hankali yana cikin koren littafin da ke jakar hannunta. Mun san buɗe jakar da ciwo, amma gwiwoyinmu ba za su wuce Juma'a ba. Shekaruna saba'in da ɗaya. Alamu sun nuna ni zan fara tarar da ita, kuma ba ni son a ce ni zan yi mata bayani.

Sa hannu:
Mak Cik Sepiah binti Deraman
Kakakin Ƙungiya